Wazirin da Baba Ya Bar Mini: Shekara 35 da Aku a Gidanmu



Ranar Lahadin da ta wuce, bayan mun tashi daga taron ƙungiya, wani ƙanenmu da bai daɗe da yin aure ba ya tare ni a bakin masallaci, ya ce, "Yaya, an ce kana da aku a gida. Don Allah nawa ake sayar da ƙarami yanzu? Amarya ce ke zaman kaɗaici in na tafi kasuwa, ina so in saya mata ya riƙa ɗebe mata kewa." Na ce masa ya bari sai mun samu zama, domin wannan ba maganar tsaye ba ce. Da na koma gida na tuna ba shi ne na farko da ya yi mini irin wannan tambayar ba, sai na ga gara in rubuta a nan kowa ya karanta. Ni ba likitan dabbobi ba ne, ba kuma malami ba. Abin da na sani kawai shi ne, bana shekara 35 ke nan ina kwana ina tashi da aku a gida ɗaya.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, Bakano ne. Jirgin ƙasa ne ya sauke shi a tashar Iddo tun yana saurayi, ya yi yaron fatoma a wajen 'yan goro a Agege, daga baya da ya tsaya da ƙafarsa ya dawo Ebute Metta ya kama haya kusa da Oyingbo. A nan aka haife mu mu biyar, ni ne auta. Wata ranar Asabar a 1989, ina ɗan shekara 11, sai ga Baba ya shigo da wani kwali mai huji-huji a hannu. Da aka buɗe sai ga ɗan tsuntsu mai launin toka da jan bindi, ya takure a kusurwa yana wani irin gurnani kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Inna ta tambayi kuɗinsa, da Baba ya faɗa sai ta tafa hannu ta ce, "Malam, ai wannan kuɗin tunkiya biyu ne!" Baba ya yi dariya ya ce tunkiya ba ta magana.

Idonsa baƙi ƙirin ne a lokacin. Daga baya na san cewa da ido ake gane ƙuruciyar aku: ɗan ƙarami idonsa baƙi ne, in ya girma sai ya washe ya koma ruwan ɗorawa mai haske. Ke nan bai kai shekara ba da aka kawo shi. Baba ya yi karatun boko kaɗan, kuma yana son littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda aku ya yi ta riƙe ɗan sarki da labarai har aka naɗa shi waziri. Saboda haka a ranar ya raɗa masa suna Waziri.

Mun ɗauka washegari zai fara zuba mana labari irin na littafi. Ina! Sai da ya yi kusan wata takwas ba abin da yake yi sai ihu da cizo. Mu yara muka gaji muka watse, muka koma ƙwallonmu. Baba ne kawai bai gaji ba. Kullum bayan asuba zai wanke keji, ya canja ruwa, ya zauna a gefe yana lazimi, tsuntsu yana kallonsa da ido ɗaya. Da la'asar in ya dawo daga kasuwa sai ya zo masa da kwakwar manja ko ɗanyar masara. Yakan ce mana, "Rai dangin goro ne. Goron da ba a buɗewa a duba, a canja masa ganye, a fitar da mai sankara, ba ya kai wa baɗi." Abu na farko da Waziri ya fara kwaikwayo ba magana ba ce, tarin Baba ne. Na biyu kuma sallamarsa.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya koyi kukan jirgin ƙasa da ke wucewa ta bayan unguwa. Ya koyi kiran yaran mota, "Oyingbo! Oyingbo!" Ya koyi ihun da muke yi in an kawo wuta. Har yau in ƙwan fitila ya kama sai ya ce "NEPA!" alhali tun 2005 aka canja wa hukumar suna. Ya riƙe ƙarar wayar Nokia ta farko da Baba ya saya, wadda ta mutu tun ba yau ba. Maƙwabtanmu Yarbawa suna kiransa Ayekooto, wato duniya ba ta son gaskiya, kuma mun ga dalilin sunan. Wata rana wani mai bin Baba kuɗin goro ya yi sallama a ƙofa, kafin kowa ya amsa sai muka ji muryar Baba daga baranda tana cewa, "A ce ba na nan." Baba kuwa yana zaune a ɗaki, bakinsa a rufe. Dole ya fito yana dariyar yaƙe, ya biya mutumin rabin kuɗinsa. Tun daga ranar aka kafa doka a gidanmu: ba a gulma a gaban Waziri.

A shekararsa ta bakwai a gidan muka wayi gari muka tarar da ƙwai a cikin keji. Ashe Waziri mace ce. Namiji da macen aku kamarsu ɗaya, ido ba ya rabe su, kuma mace takan yi ƙwai ko ba namiji, sai dai ba ya ƙyanƙyashewa. Inna ta yi ta dariya ta ce sai a canja suna. Baba ya ce ba a tuɓe sarauta saboda ƙwai. Haka muka ci gaba da kiransa Waziri, muna ce masa "shi", har yau.

Wannan shi ne ɓangaren da kowa ke so ya ji in ana hirar aku. Yanzu bari in faɗi wanda masu sayarwa ba sa faɗa.

Abu na farko, tsawon rai. Kaza in ta daɗe ta yi 'yan shekaru. Kyanwa in ta yi shekara 15 an ce ta tsufa. Amma irin wannan aku mai launin toka, in yana samun kulawa a hannun mutane, yakan yi shekara 40 zuwa 60. Wani ɗan uwansa na ƙasar Ostireliya da aka ajiye a gidan namun daji na Brookfield kusa da Chicago a Amurka, mai suna Cookie, sai da ya kai shekara 83 kafin ya mutu a 2016. Baba yana da shekara 47 ya sayi Waziri. Bai taɓa lissafa cewa tsuntsun zai ga bayansa ba, mu ma ba mu lissafa ba.

Abu na biyu, hankali. Mu Hausawa in yaro ya haddace abu bai san ma'anarsa ba mukan ce karatun aku yake yi. To wannan maganar ba ta yi wa aku adalci ba. Wata masaniya a Amurka, Dakta Irene Pepperberg, ta sayi irin wannan aku a 1977 ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana nazari a kansa har ya mutu a watan Satumba na 2007. Alex ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launi bakwai da siffa biyar, yana ƙirga abu har shida, in an nuna masa abu biyu yana iya faɗin inda suka yi kama da inda suka saɓa. Ni ban yi mamaki ba da na karanta. Waziri bai taɓa yin sallama ga mai fita ba, sai mai shigowa. Bai taɓa cewa "a sauka lafiya" ba sai ya ga mutum ya ɗauki takalmi. To halittar da ke da irin wannan kai, tana gundura, tana kishi, tana fushi, tana kuma baƙin ciki. A daji cikin garke suke rayuwa, namiji da mace in sun haɗu sukan zauna tare shekara da shekaru. In ka raba shi da wannan ka sa shi a keji, kai ne garkensa, kai ne abokin zamansa. Ba zai gane cewa yau kana da ciniki a Mile 12 ko biki a Idi-Araba ba.

Ban san nauyin wannan ba sai a 2014, da Allah Ya yi wa Baba rasuwa.

Kwana biyun farko Waziri bai ce uffan ba, bai kuma taɓa abinci ba. Gida cike da 'yan gaisuwa, ba wanda ya tuna da shi sai ni, ni ma ruwa kawai nake zuba masa in wuce. Ranar sadakar uku, da asuba, gida ya yi tsit, sai muka ji tari daga baranda. Tarin Baba, sak. Sannan muryarsa: "Auta, tashi, an kira salla." Haka yake tashe ni tun ina yaro, kuma ko bayan na yi aure na kama ɗaki a gidan bai daina ba. Inna tana kan sallaya ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko a ranar da aka fita da gawa. Gwaggonmu ta fito tana salati tana cewa a fitar da tsuntsun nan daga gidan, zai hana baiwar Allah yin takaba cikin natsuwa.

Da aka zo rabon gado, babban yayanmu ya ce a sayar da shi a zuba kuɗin a cikin dukiya, tunda abin mallaka ne kamar sauran kaya. Ba laifi a maganarsa, haka shari'a ta tanada. Shi yana Kano, na biyu yana Abuja, yayyena mata kowace tana gidan mijinta. Inna kuma ta riga ta ce in ta fita takaba gida za ta koma, kuma ba za ta iya zama da muryar nan ba. Na ce a yi masa kuɗi a cire daga rabona. Yaya ya dube ni ya ce, "Auta, ka san abin da kake ɗauka kuwa? Wannan ba agogon Baba ba ne da za ka jefa a akwati." Na ce na sani. Wallahi ban sani ba.

Aku yakan zaɓi mutum ɗaya ne a gida, kuma Waziri Baba ya zaɓa. Shekara 25 muna gida ɗaya da shi, amma ranar da na fara miƙa hannu zan sosa masa kai kamar yadda Baba ke yi, ya kama babban yatsana sai da ya kusa kai wa ƙashi. Tabon yana nan. Bakin da ke fasa ƙwarar manja, yatsa ba komai ba ne a wajensa. Bayan wata biyu sai ya fara fige gashin jikinsa. Ya fara da ƙirji, ya koma cinya, ya koma ƙarƙashin fiffike, har ya zama kamar kazar da aka fige za a sa a tukunya, kai kawai ya rage da gashi saboda bakinsa ba ya kai wa can. Kullum da safe sai in share gashi a ƙasan keji. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce aljanin Baba ne ya tafi.

A lokacin kuma na yi wani kuskure da har yau nake jin kunyarsa. Saboda ihunsa yana damun maƙwabta, sai na mayar da kejin can ƙarshen lungu, inda ake ajiye janareta, in dare ya yi kuma in kunna masa maganin sauro kusa da shi, wai ina taimakonsa. Wata safiya na same shi a ƙasan keji, baki buɗe, yana numfashi da ƙyar, bindinsa yana sama yana ƙasa. Na naɗe shi a tawul na hau mota ina neman likitan dabbobin da ya san tsuntsu. Wurin farko da na biyu suka ce su karnuka da kaji suka sani. A na uku na samu wata likita da ta karɓe shi.

Bayan ta duba shi ta zaunar da ni ta yi mini faɗa kamar ɗanta. Ta ce hanyar numfashin tsuntsu ba irin tamu ba ce, hayaƙin da mutum zai shaƙa ya yi tari kawai, shi yana iya kashe shi. Hayaƙin janareta, maganin sauro na kunnawa da na feshi, turaren wuta a rufaffen ɗaki, hayaƙin taba, har da tururin tukunyar nan ta zamani da abinci ba ya kamawa in ta yi zafi fiye da kima, duk guba ne gare shi. Ta tambaye ni me yake ci, na ce gyaɗa, domin tun rasuwar Baba ita ce mai sauƙi a wajena. Ta ce gyaɗa zalla kitse ne, ba ta da sinadarin da ke gina ƙashi, wanda irin wannan aku ke yawan rasawa har ya riƙa faɗuwa yana karkarwa, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna tana jawo ciwon huhu. Ta lissafa mini abin da zan ba shi: kwakwar manja, ɗanyar masara, karas, ganye, gwanda, gwaiba, ayaba, dafaffen wake, barkono ma yana ci. Ta hana ni ba shi fiya, wato abokado, da cakulan, da kofi, da abinci mai gishiri. Ta ce yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu, da hasken rana na safe, da wanka, da itacen da zai riƙa gwaguya. Sai ta ƙare da cewa, "Gashin da yake figewa kuma ba ni da allurarsa. Ya rasa mutuminsa ne. Ko ka zama mutuminsa, ko ka nemo masa wani."

Na dawo da kejin baranda inda yake tun farko. Na ɗauki al'adar Baba: bayan asuba in wanke keji, in zauna a gefe in yi lazimina. Ba na taɓa shi, ba na matsa masa. Sai da muka yi kusan shekara biyu a haka. Wata safiya ina zaune sai ya matso jikin ƙarfe ya sunkuyar da kai ya tayar da gashin wuyansa. Na sa yatsa ina tsoro, na sosa. Ya lumshe ido. Gashinsa ya dawo a hankali, ban da wani ɗan fili a ƙirji da har yau bai sake tsirowa ba.

Shekara goma ke nan yana hannuna, ga kuma abin da ya ci mini, don mai sha'awa ya yi lissafi. Ban ƙara tafiya gida Salla da iyalina gaba ɗaya ba, dole wani ya zauna, domin ba kowane maƙwabci ne zai yarda ko ya iya ba. Sau biyu ina samun gidan haya mai kyau, ɗaya a Yaba ɗaya a Agege, masu gidan suna jin akwai aku suka ce a'a. Jikinsa yana fitar da wata farar ƙura kamar hoda, kullum sai an goge, kuma ɗana na biyu yana da asma, saboda haka tsuntsu ba ya shiga ɗakin kwana ko da wasa. Ya cinye gefen ƙofa, ya tsinke wayar rediyo, ya yayyaga takardar haihuwar yaro guda. Lokacin kullen korona da aka fara a Legas ranar 30 ga Maris 2020, mutane suna neman shinkafa, ni ina neman shinkafa da kwakwar manja. Maiɗakina kuwa har yau kishiya ya ɗauke ta. In ta zauna kusa da ni sai ya yi ta ihu, ya kuma iya kwaikwayon yadda take kiran yara har su fito da gudu su tarar ba ita ba ce. Ta yi haƙuri ƙwarai, Allah Ya saka mata. Amma ta taɓa ce mini, "Maigida, ni fa da na aure ka ba a gaya mini gidan da uwargida ba."

Jarrabawa mafi girma ta zo ne a 2023, bayan cire tallafin man fetur, lokacin da komai ya tashi. Kuɗin haya ya zo, kuɗin makarantar yara uku ya zo, kasuwa kuma ta tsaya cik. Wani mutum da ya ji labarin Waziri ya zo har gida ya taya shi da kuɗin da zai rufe mini duka biyun. Na ce ya ba ni kwana biyu. Daren nan ban yi barci ba. Na gaya wa kaina cewa 'ya'yana sun fi tsuntsu, kuma gaskiya ne. Da ya dawo sai na tambaye shi wa zai riƙe shi, ina za a ajiye shi. Ya ce kada in damu, tsoho ne mai cikakken jan bindi ake nema. Daga nan na gane. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san jan gashin bindin aku yana da daraja a al'adar Yarbawa, ana sa shi a kayan sarauta da na bauta, kuma a kasuwannin masu kayan tsibbu na Afirka ta Yamma ana sayar da gashin har da kan. Na ba shi haƙuri. Na sayar da babur ɗina na biya haya, makaranta kuma na roƙi a yi mini kashi biyu. Ba na faɗin wannan don a yaba mini. Da mutumin ya ce gidan wani mai son tsuntsaye zai kai shi, wataƙila da na miƙa. Allah ne Ya rufa mini asiri, ni da Waziri.

Akwai kuma abin da ban taɓa tunaninsa ba sai da na girma: daga ina aka kawo shi? Aku ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne. Ɗan kurmi ne, ana samunsa a dazuzzukan kudancin Najeriya kamar yankin Neja Delta da Kuros Riba, da Kamaru, da Gabon, da Kwango. A kogon manyan bishiyoyi yake ƙwai, 'yan kaɗan a shekara. Masu kamawa ko dai su hau bishiya su kwashe 'ya'yan, ko su shafa danƙo a reshe su ɗaure wani aku a wurin ya kira 'yan uwansa. Da yawa suna mutuwa a hanya kafin a kai kasuwa. Sama da miliyan ɗaya aka fitar daga Afirka zuwa ƙasashen waje tun daga shekarun 1970. A Ghana, binciken masana ya nuna cewa tsakanin kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na irin wannan tsuntsu sun ɓace tun daga 1992. Wannan ne ya sa a watan Oktoba na 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka gabatar da buƙatar. Muna kuma da dokarmu ta kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, kuma jami'an kwastam sun sha kama masu safararsu. Saboda haka ɗan ƙaramin da za a nuna maka a kwali a bakin titi, ka tambayi kanka daga wace sheƙa aka ɗauko shi.

Na taɓa kai maganar gaban limaminmu. Ya ce malamai sun halatta ajiye tsuntsu, sun kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu, kuma Manzon Allah (SAW) yakan tambaye shi labarinsa cikin raha. Amma ya ce in haɗa da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ya ƙara da na tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya a wata tafiya, ta zo tana kaɗa fuka-fukai, aka umarce su su mayar mata. Ya ce, "Halas ne, amma amana ce, kuma za a tambaye ka."

Wasu sukan ce to me ya sa ba za ka buɗe keji ka sake shi ba? Na so a ce zai yiwu. Tsuntsun da ya yi shekara 35 a baranda bai san kurmi ba, bai san yadda ake neman abinci ba, fuka-fukansa ba su saba dogon tashi ba. In na sake shi a Ebute Metta, ko shaho ya ɗauke shi, ko yunwa ta kashe shi a kan rufin wani, ko yara su kama shi ya koma kwali. An riga an yi ɓarnar tun 1989. Abin da ya rage shi ne a riƙe shi da kyau har iyakar kwanansa.

Yanzu ina da shekara 46. In Waziri ya kai 60, ni ina da 71 ke nan, in Allah Ya kai mu. Ban da tabbacin zan kai, Baba ma bai yi wannan lissafin ba, shi ya sa tsuntsun ya sha wahalar da ya sha. Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, na fara shiri. 'Yata ta fari, mai shekara 13, ita ce mutum ta biyu da yake yarda ta sosa masa kai. Na koya mata wankin keji da abin da yake ci da abin da ba ya ci. Na rubuta a takarda na ba yayanmu cewa in ta Allah ta kasance, kada a sa Waziri a lissafin kayan sayarwa. Amma ita ma mace ce, wata rana gidan wani za ta, kuma ban san ko mijin zai karɓi amarya da aku ba. Kun ga sayayyar da mutum ɗaya ya yi a rana ɗaya ta shiga zuriya ta uku.

To ƙanena ango, ga amsarka. In kewa ce ke damun amarya, ka riƙa dawowa gida da wuri, ka bar ta ta shiga islamiyya ko ta kama sana'a, ka kai ta cikin matan ƙungiya ta yi ƙawaye. In kiwo take so, ga tantabara, ga kaji, ga kyanwa. Kada ka sayi aku. In kuwa akwai wanda ya riga ya mallaka, ko ya gada kamar ni, to ya gyara masa abinci, ya nisanta shi da hayaƙi, ya ba shi lokacinsa kullum, ya kuma san tun yau wa zai riƙe shi a bayansa. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya nemi masu aikin kare namun daji su ba shi shawara, kada ya miƙa wa duk wanda ya zo da kuɗi.

Inna tana Kano, ta tsufa. Shekarun farko ko sunan Waziri ba ta son ji. Amma tun bara, in na kira ta ranar Juma'a, bayan ta gama tambayar jikoki sai ta yi shiru kaɗan ta ce, "Auta, kai masa wayar." Sai in kai bakin keji. Wani lokaci ya yi banza da mu, wani lokaci ya yi kukan jirgi. Wani lokaci kuma ya yi tarin nan, ya yi sallama da muryar Baba, in ji ta a can tana amsawa, "Wa alaikumus salam, Malam."

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da Ya sa a hannunmu, mai magana da marar magana. Amin.